Bashin Goyo da Begen Haihuwa

Yabo da ɗaukaka su tabbata ga Allah Uba, wanda ya halicce mu ba da shawararmu ba, ya ajiye mu a cikin da ba mu zaɓa ba, ya shayar da mu nonon da ba mu biya ko anini a kansa ba. Godiya ga Ɗansa Yesu Almasihu, wanda bai raina mahaifar budurwa ba, ya kuma yi zaman biyayya a gidan kafinta a Nazarat har ya girma. Girma ga Ruhu Mai Tsarki, mai ta'azantar da masu jira.

Bayan haka, maganata ga 'yan'uwa masu bi ce da ke zaune a Dutse Alhaji da maƙwabtanta, daga Dawaki da Kubwa har Dutse Makaranta da Ushafa. Kan abu biyu take, waɗanda igiya ɗaya ta ɗaure ko da yake mun saba raba su: godiyar da ke wuyanmu saboda iyayen da suka haife mu, da begen da muke yi na ganin namu 'ya'yan. Wanda ya gane cewa ransa kyauta aka miƙo masa ta hannun mutum biyu, zai san yadda ake roƙon ɗa da yadda ake jiransa. Wanda kuwa ya manta, zai nemi ɗa kamar mai bin bashi, ya tsare Allah da ƙorafi, ya tsare matarsa da gori.

Duk wanda ya san Dutse Alhaji ya san gari ne na 'ya'yan da iyayensu ke nesa. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Bwari, a kan hanyar da ta rabu da babban titin Kubwa ta haura garin Bwari, inda makarantar horar da lauyoyi da hedikwatar JAMB suke. Ƙasar Gbagyi ce tun kafin gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar kafa sabon babban birni a 1976, tun kafin gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991. Da birnin ya cika, kuɗin haya ya gagari talaka, rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007 kuma suka turo jama'a bayan gari, sai ƙauyukan gindin duwatsun nan suka zama garuruwa. Ga malamin makaranta daga Kagoro, ga mai gadi daga Billiri, ga ma'aikaciyar jinya daga Pankshin, ga birkila daga Zuru, ga direba daga Michika. Kowa da harshen gidansu, amma ranar Lahadi Hausa ke tara da yawansu a sujada, da Littafi Mai Tsarki na Hausa a hannu, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932 bayan shekarun wahalar da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha a kansa. Tun asuba mutanen nan suna bakin titi suna neman motar Wuse ko Berger ko Sakatariya, ba sa dawowa sai duhu ya rufa. Tsofaffinsu suna can gida da fartanya da ciwon gwiwa, in ban da waɗanda tashin hankali ya koro, irin iyayen da suka gudo daga Gwoza da Mubi a 2014 suka ƙarasa tsufansu a ɗakin hayar 'ya'yansu.

A irin wannan zama ne dokar girmama uwa da uba take da wuyar cikawa, a nan ne kuma aka fi bukatarta. Tana cikin Fitowa sura 20, an maimaita ta a Maimaitawar Shari'a sura 5, Manzo Bulus kuma ya tuna wa Afisawa cewa ita ce doka ta farko da aka haɗa da alkawari. Mun mai da ita darasin yara a makarantar Lahadi, muna koya musu su durƙusa su gai da Baba, su je aike ba gunaguni. Wannan daidai ne. Sai dai a gindin Dutsen Sina'i, waɗanda suka tsaya suka karɓi dokokin nan manya ne masu iyali, irin waɗanda aka hana su zina da shaidar zur da ƙyashin gidan maƙwabci. Ga magidanci mai tsohuwar uwa aka faɗi wannan doka, a lokacin da uwar ta daina ba shi komai, ta koma mai karɓa. Biyayyar yaro ga wanda ke ciyar da shi ba ta gwada zuciya sosai. Gwajin yana zuwa ne ranar da hannun da ya goya ka ya fara rawa, ranar da ta tambaye ka abu ɗaya sau uku a zama ɗaya, kai kuma ka dawo daga aiki a gajiye.

Ubangijinmu da kansa ya ɗauki dokar a wannan ma'ana. A Markus sura 7 ya tsauta wa Farisiyawa da malaman Attaura saboda wata dabara da suka halatta: mutum ya ce dukiyar da iyayensa za su amfana da ita ya riga ya keɓe ta ga Allah, shi ke nan ya kuɓuta daga taimakonsu. Yesu ya kira wannan soke maganar Allah da al'adar mutane. Ina jin nauyin faɗa, amma dabarar nan ba ta mutu ba, tana nan a cikinmu da sabuwar riga. Ranar tara kuɗin ginin majami'a mutum zai miƙe a gaban jama'a ya yi alkawarin buhunan siminti, a tafa masa, alhali wata biyu ke nan maganin hawan jinin mahaifiyarsa ya ƙare a ƙauye. Ban hana baiko ba, ban hana zakka ba, ginin ɗakin sujada kuma aiki ne mai albarka. Amma Bulus ya gaya wa Timoti a fili cewa 'ya'ya da jikoki su fara koyon ibadarsu a cikin gidansu ta wajen sāka wa iyayensu, ya kuma ajiye wanda ya ƙi kula da nasa a ƙasa da marar bi. Fasto da ya san halin da mahaifiyar mai alkawarin take ciki, ya karɓi simintin ya yi shiru, ya yi tarayya a laifin. Ku dubi Almasihu a kan gicciye: numfashi na ƙure masa, zunubin duniya na kansa, duk da haka bai bar mahaifiyarsa ba mafaka ba, sai da ya danƙa ta a hannun almajirin da yake ƙauna.

Akwai wanda zai ce, malam, ba ka san ubana ba. Gaskiya ne, ba kowane uba ne ya riƙe amana ba. A cikinmu akwai wanda giya ta cinye kuɗin makarantarsa, akwai wadda aka aurar ba da sonta ba, akwai kuma wanda aka kore shi daga gida ranar da ya karɓi baftisma. Littafi bai ce mu yi ƙarya game da iyayenmu ba, bai kuma ce mu koma inda za a cuce mu ba. Abin da ya nuna mana shi ne Shem da Yafet, waɗanda suka ɗauki mayafi suka shiga da baya-baya suka rufe tsiraicin mahaifinsu Nuhu ba tare da sun duba ba. Ga kuma misalin Agustin, bishop na Hippo: ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a Tagaste da ke ƙasar Aljeriya ta yau. Kowa ya san labarin mahaifiyarsa Monika, wadda ta yi shekaru tana kuka a gaban Allah saboda shi har aka yi masa baftisma a Milan a 387, ta kuma rasu a Ostiya a wannan shekarar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mahaifinsa Fatirishiyus mutum ne mai zafin rai, bai kuma riƙe amanar aure ba, sai dab da mutuwarsa ya shiga bangaskiya. Agustin bai ɓoye wannan a littafinsa na ikirari ba. Duk da haka, da ya zo roƙon masu karatu su tuna da mahaifiyarsa a addu'a, sai ya haɗa da mahaifin, domin ta wurin su biyun Allah ya shigo da shi duniya. Wannan ita ce ƙasan godiya, inda ba ta iya nutsewa ta wuce: ko ba su ba ka komai ba, ta hannunsu aka ba ka rai.

Mu ma a ƙasar nan muna da namu misali. Samuel Ajayi Crowther yana yaro aka kama shi bawa a 1821, aka raba shi da mahaifiyarsa, jirgin yaƙin Ingila ya 'yanta shi a teku a 1822 aka sauke shi a Saliyo. Sai a 1846, bayan shekara ashirin da biyar, suka sake haɗuwa a Abeokuta. Ya dawo da ilimi da rigar limanci, ita kuwa tana nan a addinin kakanninta. Bai raina ta ba, bai ji kunyarta ba, ya ɗauke ta ya riƙe. A 1848 aka yi mata baftisma da sunan Hannatu, sunan uwar Sama'ila na Littafi. Mutumin da aka naɗa bishop a 1864, wanda ya kafa aikin bishara a gaɓar Kwara har Lakwaja, gidan mahaifiyarsa na cikin gonakin farko da ya nome. Duk mai bin da iyayensa Musulmi ne ko masu addinin gargajiya ya riƙe wannan: bambancin addini bai sauke maka haƙƙinsu ba, ya ƙara maka ne, domin da halinka za su auna Almasihun da kake bi.

Yanzu ku zo mu tsaya a gindin laimar mai POS a bakin kasuwar Dutse, ƙarshen wata. Wani magidanci ya ciro takarda mai lambar asusun ƙanensa, ya tura abin da ya sawwaƙa, ya koma gefe ya danna waya. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ke cin albashinsa, amma bai fasa ba.

"Mama, saƙo ya iso?"

"Ya iso, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Yaya amarya?"

"Tana lafiya, Mama, tana gaishe ki."

"To, madalla. Ba wani labari?"

Ya yi shiru, ya ce layi ba kyau. An daɗe da ɗaura auren nan, ƙannensa da suka yi aure bayansa sun yi suna biyu-biyu, amma har yau amarya ake kiran matarsa, domin babu sunan ɗan da za a kira ta da shi. Addu'ar da tsohuwar ta yi masa, cewa Allah ya ba shi masu yi masa, ita ce albarka mafi daɗi da uwa ke sa wa ɗa, ita ce kuma ta soke shi a ƙirji. A nan godiyar iyaye da begen haihuwa suke haɗuwa, haɗuwar kuma ba kullum take da daɗi ba.

Kada mu yi saurin zargin tsohuwar. Ita manomiya ce, ba ta da fansho. Dokar fansho ta 2004 ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni ta shafa, ba ta kai gonarta ba. Abin da ta sani shi ne wanda bai haifa ba, ba shi da mai tura masa saƙo ranar tsufa, ba shi da mai kai shi asibiti, ba shi da mai tsayawa a kan kabarinsa. Tambayarta tsoro ce da ta sa rigar matsi. Amma tsoron nan, in ba a yi masa linzami ba, shi ke zama taron dangi, shi ke zama shawarar a nemo wata yarinya daga ƙauye, shi ke sa a kira matar mutum juya a bayan idonta, wani lokaci ma a gabanta.

Ga abin da ilimi ya tabbatar. A Afrilun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya yakan fuskanci matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma babu wani babban bambanci tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta. Likitoci suna fara kiran abin matsala ne idan ma'aurata sun yi shekara guda suna tare ba tare da kariya ba, ciki bai samu ba. Sun kuma tabbatar cewa a kusan rabin irin waɗannan ma'aurata akwai hannun namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. A wajen mace yakan zama toshewar hanyoyin ƙwai sakamakon ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba, ko ƙarin mahaifa, ko rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita a kan lokaci. A wajen namiji yakan zama ƙarancin ƙwayoyin maniyyi ko rauninsu, abin da ba ya nunawa a ƙarfin jiki ko a shimfiɗa, sai a gwaji. Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da araha nesa ba kusa ba. Duk da haka, ku leƙa layin masu jiran likitan mata a kowane asibiti, za ku ga mata zaune su kaɗai da katinsu a hannu. Mazan suna wurin aiki, sun riga sun yanke wa kansu hukuncin cewa lafiyarsu ƙalau. Wannan zalunci ne, kuma bai kamata a same shi a gidan mai bi ba.

Littafi Mai Tsarki bai taɓa ɗaukar rashin haihuwa abin wasa ba. Abin mamaki ne yadda zuriyar alkawari ta yi ta bi ta mahaifar da ta daɗe a rufe. Ibrahim na da shekara 75 aka kira shi, sai da ya kai 100 Saratu ta haifi Ishaku. A tsakani suka gaji da jira suka shigo da Hajaratu, gidan bai sake samun kwanciyar hankali ba har aka kore ta da ɗanta zuwa jeji. Ishaku ya auri Rifkatu yana da shekara 40, tagwayen suka zo yana da 60, kuma Farawa sura 25 ta ce shi ne ya yi roƙo saboda matarsa. Shekara ashirin, bai ƙara aure ba, bai mai da ita gidan ubanta ba. Rahila ta matsa wa mijinta Yakubu har ta ambaci mutuwa, shi kuma ya husata ya tuna mata cewa ba shi ne Allah ba. Ta samu Yusufu, ta rasu wajen haihuwar Biliyaminu. Zakariya da Alisabatu kuwa, Luka ya fara shaida cewa dukansu biyu masu adalci ne a gaban Allah, marasa abin zargi, sannan ya ce ba su da ɗa har suka tsufa. Jerin maganar nan da gangan yake. Duk wanda ya dubi mace marar haihuwa ya ce zunubinta ne ko la'anar gidansu ce, to da Luka yake jayayya.

A wurin Hannatu nake so mu daɗe. Tana da miji mai ƙaunarta, Elkana, tana kuma da kishiya mai 'ya'ya, Feninna, wadda ke zaɓar lokacin tafiya sujada a Shilo ta tsokane ta har ta kasa cin abinci. Ku lura, a hanyar ɗakin Allah ake yi mata gorin. Ta shiga ta zuba zuciyarta, leɓunanta na motsi ba murya, sai Eli firist ya ɗauka buguwa ta yi, ya tsauta mata. Malamin addini ne ya fara yi wa hawayenta mummunar fassara, kuma har yau muna maimaita kuskurensa. Ta amsa masa da ladabi, ya gane, ya sa mata albarka. Abin da ya fi taɓa ni ya biyo bayan wannan: ta tashi ta tafi, ta ci abinci, fuskarta ta sake. Babu ciki tukuna, babu wata alama, Feninna na nan inda take. Abin da ya canja shi ne ta sauke kayan a inda ya kamata. Da Sama'ila ya zo kuma ba ta ƙanƙame shi ba. Tana yaye shi ta kai shi Shilo ta bar shi can kamar yadda ta yi wa'adi, kowace shekara ta ɗinka 'yar riga ta kai masa. Ku yi tunanin uwar nan zaune da zare, tana ƙiyasta tsawon hannun yaron da ba ta gani ba tun bara, tana ƙara ɗan yatsa ɗaya ko biyu don kada rigar ta matse shi. Mace ce da ta san ɗa amana ne, ko kafin a ba ta, ko bayan an ba ta.

Dole kuma a faɗi abin da masu wa'azi da yawa ke tsallakewa. Labaran nan ba takardar alkawari ba ce da aka rubuta da sunan kowane ma'aurata. Akwai masu bi na ƙwarai da suka yi addu'a da azumi, suka sha magani, suka tsufa, suka koma ga Ubangiji ba su ga ɗan cikinsu ba. Bangaskiyarsu ba ta gaza ba. Annabi Ishaya a sura 56 ya yi magana da babanni, mutanen da ba su da sauran sa zuciya ga haihuwa, ya hana su ɗaukar kansu busasshen itace, ya kuma yi musu albishir da suna a gidan Allah wanda ya fi na 'ya'ya dawwama. Ubangijinmu bai haifa ba. Bulus bai bar ɗan cikinsa da muka sani ba, amma ya kira Timoti ɗansa. Begen mai bi yana rataye ne ga Mai bayarwa, shi ya sa ba ya tsinkewa ko kyautar ta yi jinkiri, ko ba ta zo a kamannin da aka roƙa ba. Wanda ya tsaya a bagade ya ce wa mace nan da wata tara za ki goya, alhali Allah bai aiko shi ba, ya ɗauki sunan Ubangiji a banza, ya kuma shirya mata karayar da ta fi ta farko.

Irin waɗannan sun yi yawa a bayan Abuja. Akwai mai sayar da man shafawa da ruwan kwalba da sunan buɗe mahaifa, akwai mai cewa a shuka iri da albashin wata guda, akwai mai nuna wa mace cewa uwar mijinta ko mahaifiyarta ce ta ɗaure mata ciki. Wannan na ƙarshe ya fi muni, domin da bugu ɗaya yana kwashe kuɗi yana kuma rushe dokar girmama iyaye. Tsofaffi nawa aka daina gaisarwa saboda annabcin ƙarya! A ƙarshen 2024 wani binciken BBC ya bankaɗo masu damfara a Jihar Anambara da ke yi wa mata allurai har ciki ya kumbura, su ce musu ciki ne da na'ura ba ta iya gani, daga baya su miƙa musu jaririn da aka rabo da wata uwa. Inda duk ƙishirwa ta yi tsanani, masu sayar da gurɓataccen ruwa ba sa rasa ciniki.

Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Luka da ya rubuta mana labarin Alisabatu likita ne. Matsaloli da yawa magani ko ƙaramar tiyata na warware su idan an zo da wuri, shekaru kuwa ba sa jiran mace. Akwai kuma hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a waje a dasa a mahaifa, wadda aka haifi jaririyar farko ta hanyarta a Ingila a 1978. A nan Abuja ma an haifi yarinya ta wannan hanya a 1998 a asibitin Nisa Premier ƙarƙashin Dokta Ibrahim Wada, iyayenta suka sa mata suna Hannatu. Hanyar na da tsada ƙwarai, ba ta kuma cin nasara kowane lokaci. Ikkilisiyoyi ba su da murya ɗaya a kanta: Cocin Katolika ta ƙi amincewa da ita a koyarwar da ta fitar a 1987 ta kuma jaddada a 2008, musamman saboda makomar 'yan tayin da ake bari ko zubarwa, yayin da wasu ikkilisiyoyin ke barin ma'aurata da lamirinsu muddin iri na mijin ne da matarsa. Duk mai tunanin bin hanyar, ya zauna da likita mai tsoron Allah da makiyayinsa, ya tambayi abin da za a yi da kowane ɗan tayi kafin ya sa hannu a takarda.

Akwai wata ƙofa da al'adarmu ta daɗe da sani. Ɗa na kowa ne, in ji Hausawa, riƙo kuma ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Mordekai ya riƙe Esta marainiya ta zama 'yarsa. Yusufu kafinta ya rene Ɗan da ba daga jikinsa ya fito ba, Littafi kuma bai ji nauyin kiransa uba ba. Mary Slessor, wadda ta rasu a ƙasar Kalaba a 1915, ba ta yi aure ba, amma gidanta cike yake da yaran da aka yasar. Mu kanmu, in ji Bulus, ta hanyar ɗaukar ɗa aka shigar da mu gidan Allah. Rikice-rikicen arewa sun bar marayu da yawa, wasunsu 'ya'yan 'yan'uwanmu ne na jini. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki a Birnin Tarayya, ta tanadi yadda ake ɗaukar yaro ta hannun hukumar jin daɗin jama'a da kotu. A bi ta can, kada a bi ta bayan gida a sayi jariri. In kuma an ɗauka, a riƙe shi ɗa: makarantarsa ɗaya da ta 'ya'yan gida, kwanonsa ɗaya, kada a mai da shi ɗan talla ko 'yar aiki da sunan taimako.

Ku surukai, iyayenmu mata, da ladabi nake durƙusawa in roƙe ku. Farawa sura 2 ta sa mutum ya bar uwa da uba ya manne wa matarsa. Wannan bai soke girmanku ba, amma ya sa masa iyaka, kuma ɗanku bai saɓa wa Allah ba idan ya ƙi sakin matarsa ko ya ƙi yi mata kishiya don ku ga jika. Rut ta yi kusan shekara goma a gidan ɗan Na'omi ba ta haihu ba, mijin ya mutu, Na'omi kuwa ba ta taɓa jefa mata kalma ba, 'yata take kiranta. Daga baya matan Baitalami suka shaida cewa surukar nan ta fi mata 'ya'ya maza bakwai, kuma daga zuriyarta Dawuda ya fito. Matar ɗanku ita ma 'yar wasu ce, an goya ta, an yi mata wankan jariri, an kawo ta gidanku amana. Kai kuma maigida, kai ne katanga tsakanin matarka da harshen danginka. Ka gaya wa Mama da murya mai taushi: "Mama, ni da ita abu ɗaya ne, tare muke zuwa asibiti, ki sa mu a addu'a." Wannan ma girmama iyaye ne, domin ka hana mahaifiyarka ɗaukar alhaki.

Sauran magana ta ikkilisiya ce. Ranar miƙa jariri rana ce ta murna, kuma ya kamata a yi ta da dukan ƙarfi: Zumuntar Mata da anko, ana buga tulu da ganga, iyaye na rawa zuwa gaba da doya da kaza da ambulan, an sa wa yaro Godiya ko Kyauta ko Alheri. Amma a layi na uku ko na huɗu akwai wata da ke tafi tare da kowa, tana murmushi, tana kuma ƙirga yawan irin wannan rana da ta halarta da hannu wofi. Ita ta dafa shinkafar sunan, ita za ta wanke tukwane. Ranar bikin iyaye mata, sa'ad da aka ce uwaye su miƙe a yi musu addu'a, ita ke rasa ko ta tashi ko ta zauna. Bulus ya umarci Timoti a rubuta sunayen gwauraye mata da ba su da kowa, domin ikkilisiya ta zama musu 'ya'ya. Da mun riƙe wannan da gaske, da rabin tsoron da ke bayan gori ya kau, domin tsohuwa marar ɗa za ta san akwai masu kai ta asibiti, akwai masu tsayawa a kabarinta.

Don haka ina roƙon fastoci da dattawan ikkilisiyoyinmu a Dutse Alhaji, ku buɗe littafi ku rubuta sunayen tsofaffin da ba su da mai kula da su, ku ware musu kaso a baiko kowane wata. Ku sa maganar gwajin haihuwa, na miji da na mata, cikin koyarwar da kuke yi wa masu shirin aure. Shugabannin Zumuntar Mata, ku hana kalmar juya a bakin 'yan ƙungiyarku. Kai kuma ɗan'uwa mai karanta wannan, in mahaifanka na raye, kada ka jira sai Kirsimeti ko ranar jana'iza. Zumunci a ƙafa yake, ka nemi kuɗin mota ka je su gan ka. In matarka na da ranar ganin likita a wannan wata, ka nemi izini a wurin aiki ka raka ta, ka kuma fara miƙa kanka a gwada.